Mai gyara ya kashe mini mizajur: in bar shi a kashe ko in kunna?

Tambayar ta zo daga wata Hajiya mai shagon buga takardu da fotokwafi a unguwar Zango. Tana da kwamfuta uku na tebur a shago, biyu da Windows 10, ɗaya tsohuwa da Windows 7, sai ta tafi-da-gidanka wadda ɗanta ya sayo mata daga Kano. Yaron da ke yi mata gyara ya kashe mizajur, wato sabuntawar da Windows ke janyowa daga intanet, a kan dukkansu. Ya ce mata ba abin da yake yi sai cinye forfe da sa inji nauyi, wani lokaci ma ya rikita na'urar buga takarda. Yau shekara biyu ke nan, kuma ba abin da ya faru. Tana tambaya: ta bar su haka, ko ta kunna?

Hajiya, ranki ya daɗe. Yaron nan bai yi miki ƙarya ba, rabin magana ce ya faɗa miki. Abubuwa ukun da ya lissafa duk suna faruwa, na sha ganinsu a teburin gyarana. Sai dai kowanne daga cikinsu yana da maganinsa, kuma ba ko ɗaya da maganinsa shi ne a rufe ƙofar gaba ɗaya. Abin da nake so ki fita da shi daga wannan amsa shi ne, ke za ki riƙa zaɓar ranar da za a yi sabuntawar da kuma yadda za a yi ta, ba injin ba, ba kuma yaron ba. Amma a yi ta.

Bari in fara da abin da ke cikin mizajur ɗin, don mutane da yawa sun ɗauka kwalliya ce, sabon launi da sababbin maɓallai. Akwai irin wannan, amma ba shi ne abin damuwa ba. Windows da Word da Chrome duk rubutun mutane ne, layi miliyoyi, kuma ba a rubutu mai wannan tsawo ba kuskure. Wasu kurakuran ba su da illa. Wasu kuwa tsaga ce wadda wani daga waje zai bi ya shiga injin ba da izininki ba. Kin san gidajen ƙasa na Birni: duk shekara kafin ruwan farko sai an bi bango an yaɓe, ba don maginin ya yi ha'inci ba, sai don haka gini yake. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kamfanin Microsoft yana fitar da nasa yaɓen ranar Talata ta biyu ta kowane wata, wajen magariba agogonmu, kuma tun shekarar 2003 yake kan wannan tsari.

Ga wurin da mutane ba su cika lura da shi ba. Ranar da aka fitar da facin, ranar ce aka sanar wa duniya inda tsagar take. Ɓarayin intanet suna ɗauko tsohon fayil da sabo su jera su, su ga abin da aka canza, daga nan sun san ta inda za su shiga duk injin da bai karɓi gyaran ba. Ke nan injinki, ko da ba ki taɓa komai a cikinsa ba, bana ya fi bara rauni, don jerin tsagoginsa da aka sani a fili yana ƙaruwa kowane wata. Naki sun tara na wata ashirin da huɗu.

An ga wannan ƙarara a 2017. Ranar 14 ga Maris Microsoft ya fitar da gyaran wata tsaga a hanyar da kwamfutocin Windows ke musayar fayil tsakaninsu. Ranar Juma'a 12 ga Mayu, kusan wata biyu bayan haka, wani birus mai suna WannaCry ya bi ta wannan tsagar ya shiga kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe sama da 150. Yana kulle fayilolin mutum ya nemi dalar Amurka 300 (ba dalarmu ta kasuwa ba) kafin ya buɗe. Asibitocin gwamnati a Ingila sun soke ganin marasa lafiya, kamfanin motoci na Renault ya tsayar da aiki a wasu masana'antunsa. Mafi yawan injunan da abin ya ci Windows 7 ne, kuma maganin yana nan kyauta wata biyu yana jiransu. Ba wanda ya danna komai a yawancinsu. Daga inji yake tsallakawa zuwa inji da kansa.

Na san abin da za ki ce, don kowa shi yake cewa: ni me nake da shi da wani a Turai zai sata? Ai ba zaɓe suke yi ba, taru suke jefawa, abin da ya kama ya kama. Kuma ki duba abin da ke kwance a cikin injunan shagonki: hoton katin ɗan ƙasa na mutane, takardun haihuwa, takardun neman aiki, memwar na ɗaliban Jami'ar André Salifou, wasiƙun ƴan kasuwa da lissafinsu. Amanar mutane ce. Ga kalmomin sirrin Facebook da na wasiƙar intanet waɗanda masu zuwa suke shigarwa su manta ba su fita ba. Batun cewa shekara biyu ba abin da ya faru kuwa, ina miki fatan haka ne, amma birus na zamanin nan ba ya son a san yana nan. Na da ne ke sa allo rawa. Na yanzu yana kwashe kalmomin sirri ya aika, ko ya riƙa aiki wa ubangidansa da injinki da forfenki, ke kuma ki ce rezo ne ba kyau.

To, kafin ki kunna komai, ki san abin da kike da shi. A kowane inji ki danna maɓallin mai tambarin Windows tare da harafin R, ki rubuta winver, ki danna shiga. Ƙaramar taga za ta nuna miki wane Windows ne da lambar sigarsa. Wannan shi ne zai raba injunan naki gida-gida, don ba magani ɗaya suke buƙata ba.

Tsohuwar mai Windows 7, ko kin kunna mata mizajur ba abin da zai zo sai ragowar na da. Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, kamar yadda ya bar XP a 8 ga Afrilu 2014, ya bar 8.1 a 10 ga Janairu 2023. Chrome ma ya tsaya a siga ta 109 a kanta tun farkon 2023. Shawarata a kanta biyu ce. Idan akwai wata tsohuwar na'urar buga takarda ko ta ɗaukar hoton takarda da ba ta aiki sai da ita, ki bar ta, amma ki cire ta daga intanet kwata-kwata, ki cire wayar da ta haɗa ta da sauran injunan, ta zama injin buga rubutu kawai. Idan kuwa ba wani abin da ya ɗaure ta da Windows, a sa mata Linux Mint, wani tsarin tafiyar da kwamfuta ne madadin Windows. Kyauta ne, yana da Faransanci, yana tafiya da sauƙi a kan tsofaffin injuna, kuma jerin siga ta 22 zai ci gaba da samun gyara har 2029. Yana zuwa da LibreOffice, wanda ke buɗe fayilolin Word da Excel. Ba zan ɓoye miki ba, wani lokaci tsarin shafi yana ɗan gocewa, musamman takarda mai tebura da yawa, kuma a sana'arki wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ki gwada da takardun da kika saba bugawa kafin ki yanke.

Biyun masu Windows 10 su ne suka fi ba ni tunani, don su ne irin waɗanda suka cika garin nan. Windows 10 ya fito a Yuli 2015, kuma kulawar kyauta da Microsoft ke ba shi ta ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Sigarsa ta ƙarshe ita ce 22H2. Idan winver ya nuna miki 21H2 ko 1909 ko wata lamba ta baya, abu na farko shi ne a kai su 22H2 da duk gyaran da aka fitar kafin ranar rufewa. Bayan haka akwai shirin ƙarin shekara ɗaya da kamfanin ya buɗe wa masu amfani na gida, zuwa 13 ga Oktoba 2026, wanda ake shiga da asusun Microsoft, ko dai ta amincewa a ajiye saitin injin a asusun, ko ta biyan dalar Amurka 30. Wannan jinkiri ne kawai. Hanyar da ta rage ita ce Windows 11, kuma a nan ne ake cin karo da bango, don ba kowane inji yake karɓa ba. Yana son ƙwaƙwalwar aiki giga 4 aƙalla, ma'aji giga 64, wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da kuma furosesa, wato guntun da ke yi wa injin lissafi, na Intel daga zuriya ta 8 zuwa sama, ko Ryzen na AMD daga jerin 2000.

Wannan batun zuriya ya kamata kowa a Damagaram ya iya karanta shi, don da shi ake cutar mutane. Mai sayarwa zai ce miki "ai Core i5 ce" ko "i7 ce", kamar magana ta ƙare ke nan. Ki duba lambar da ke bin bayan. Idan i5-6300U ce, lambar farko 6 ce, zuriya ta 6, ta wajen 2015, Windows 11 ba zai karɓe ta ta ƙofa ba. Idan i5-8250U ce, zuriya ta 8, ta shiga. Tsohuwar i7 ta zuriya ta 4 tana bayan sabuwar i3 ta zuriya ta 10 a wannan lissafin. Tun da ofisoshin Turai da Amurka suka fara zubar da injunan da ba su cika sharaɗin ba, ina kike tsammanin za su nufa? Su ne za ki gani a jere, a goge, da araha, daga titin Beirut na Kano har Kasuwar Dole. Ba haramun ba ne sayensu, in dai mutum ya san abin da ya saya kuma farashin ya nuna haka. Ta tafi-da-gidankan da ɗanki ya kawo, ki fara duba mata wannan lambar.

Akwai dabarar tilasta wa tsohon inji karɓar Windows 11, kuma yaron naki ya san ta, duk masu gyara sun sani. Tana aiki. Sai dai Microsoft ya faɗa a fili cewa bai yi alkawarin ci gaba da aika wa irin wannan injin gyara ba, kuma babbar sigar shekara ba ta saba zuwa masa da kanta, sai an sake sa hannu. Kowace siga ta Windows 11 ta gida da ta ƙananan ofisoshi wata 24 take samun kulawa. Ni a ganina, in za a bi ta da kulawa, ta fi zama a kan Windows ɗin da aka daina yi wa gyara. In kuwa za a sa ne a manta, an dawo gidan jiya.

Yanzu ƙorafe-ƙorafen yaron, ɗaya bayan ɗaya. Na forfe shi ne mafi sauƙi. A cikin Paramètres, wato wurin saitin Windows, a sashen rezo, ki buɗe haɗin da kike amfani da shi, ki kunna abin da aka rubuta "Connexion limitée". Daga nan Windows ya san kowane mega da kuɗi kike sayensa, zai daina janyo yawancin manyan abubuwa a ɓoye, sai kin ba shi izini. Wannan kaɗai da yaron ya yi, da ba mu zo nan ba. Abu na biyu a kan forfen, gyaran wata-wata na Windows 10 da 11 tarawa yake: na wannan wata yana ɗauke da duk na baya. Ba sai kin sauke guda ashirin da huɗu ba, na ƙarshe ya wadatar. Yakan kai ɗaruruwan mega, wani lokaci ya haura giga, amma sau ɗaya ne a wata. Na uku, tunda injunan biyu iri ɗaya ne, ba dalilin biya sau biyu. A cikin ƙarin saitin Windows Update akwai wurin da ake yarda inji ya karɓi gyara daga ɗan'uwansa da ke kan rezon shago ɗaya. Ki zaɓi na cikin gida kawai, kada ki zaɓi wanda zai sa injinki ya riƙa aika wa baƙi a intanet. Ko kuma a shiga shafin Microsoft Update Catalog a sauko da fayil ɗin gyaran sau ɗaya, a sa a kile mai tsabta, a bi injunan da shi. Idan layinki yana da forfen dare mai rahusa, lokacinsa ke nan. Canjin Windows gaba ɗaya kuwa ya wuce giga 5, wannan sai a nemi wurin da ke da wifi mai ƙarfi.

Abin da yaron bai faɗa ba, kuma shi ne haɗarin gaske a garin nan, kuran ne. Saukowar gyara ba ta da matsala, in an yanke sai ta ci gaba daga baya. Lokacin da injin ya sake tashi yana nuna miki kashi kaza cikin ɗari, yana roƙon kada a kashe shi, lokacin ne yake cire tsofaffin fayilolin da yake tsaye a kansu yana sa sababbi. In wuta ta tafi a daidai nan, sau da yawa Windows yana iya komawa baya da kansa, amma ba kullum ba. Na taɓa karɓar wani inji na tebur a watan Afrilu, tsakiyar zafi, wanda aka ɗauke wa wuta sau biyu a jere yana cikin wannan hali. Kwana biyu na yi kafin in fito da fayilolin mai shi, sannan na sake masa Windows daga tushe. Saboda haka ta tafi-da-gidanka a cika mata batir kuma a bar ta a jone. Na tebur kuwa, kada a fara sai da ondiler, akwatin nan da ke riƙe wa inji wuta in an ɗauke, mai batir mai rai, ba wanda ke ƙara sau ɗaya ya mutu ba. Ondiler ɗaya ya isa, a yi wa injunan bi da bi. Gyaran da ya shafi BIOS, wato ɗan shirin da ke tada injin tun kafin Windows, shi ne wanda in aka yanke shi a tsakiya injin zai iya ƙin tashi gaba ɗaya. Wannan kada ki yarda a yi shi da garaje.

Ga kuma ƙura. Bayan hunturu, ki buɗe kowane inji ki ga abin da ya taru a fanka, kamar an tusa auduga. Sabuntawa tana sa furosesa aiki tuƙuru na tsawon lokaci, a ɗakin da zafinsa ya haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, sai injin ya kashe kansa don kada ya ƙone. Mutum ya ce mizajur ya kashe masa inji, alhali ƙura ce. A hure ta tukuna, a yi aikin da sassafe ko da dare.

Nauyin da ake ɗora wa sabuntawa ma yawanci na tsohon faifai ne. Inji mai giga 4 da faifai mai juyawa yana wahala da Windows 10 ko da gyara ko babu. A sa masa SSD, sabon nau'in ma'aji marar juyawa, ko ƙarami ne, a ƙara ƙwaƙwalwa zuwa giga 8, za ki rantse sabo ne. A bar kamar giga 20 babu komai a ma'aji, don gyara yana son wurin juyawa. Kuma awa ɗaya ko biyu na farko bayan sabuntawa injin yana shara a bayan fage; ki ba shi lokaci kafin ki yanke masa hukunci.

Saura maganar cewa gyaran kansa yana ɓata abu. Gaskiya ne, kuma ba zan kare kowa ba. A Oktoba 2018 Microsoft ya janye wata babbar sigar Windows 10 bayan ta share fayilolin wasu mutane. A Maris 2021 gyaran wata ya sa wasu injuna faɗuwa da shuɗin allo da zarar an aika takarda zuwa wasu na'urorin bugawa, sai da aka fitar da gyaran gyara bayan kwanaki. Ranar 19 ga Yuli 2024 kuma wani kamfanin tsaro mai suna CrowdStrike ya aika gurɓataccen gyara wanda ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi a ƙasashe da dama. Darasin da masu aikin nan suka ɗauka shi ne kada ka zama na farko, kuma kada ka sa ƙafa biyu a ruwan da ba ka gwada ba. Ki bar Talatar ta wuce da mako ɗaya. In akwai matsala babba, a cikin waɗannan kwanakin ake ganinta a gyara. Windows yana da maɓallin dakatarwa har kwana 35, daidai wannan aikin aka yi shi. Sannan ki fara da inji ɗaya, ki buga takarda ki ga ta fito, ki buɗe Word, ki yi aikin yini da shi, sannan ki bi sauran. In abu ya ɓaci, a tarihin sabuntawa akwai wurin cire gyaran da ya shiga na ƙarshe. Babban canjin siga kuma yana ba da kwana 10 a koma ta baya, in dai ba a share jakar Windows.old ba.

Kafin duk wannan, a kwafe aikin shago zuwa faifan waje, a cire shi, a sa a aljihun tebur. Ina jaddada a cire shi, don birus mai kulle fayil yana kulle duk abin da ya tarar a jone.

Akwai wata magana da zan faɗa a hankali, don ban san yaron ba kuma ba na son in shiga haƙƙinsa. Sau da yawa dalilin da ya sa masu gyara ke kashe mizajur ba forfe ba ne. Windows ɗin ko Office ɗin da suka sa na fashi ne, suna tsoron kada gyara ya gano, saƙon neman lasisi ya fito, a kira su. Wasu ma suna sa wani Windows da wani ya yanke wa sassa a intanet don ya yi sauƙi, wanda ba ya iya karɓar gyara ko an so. Abin haushin shi ne, yawancin injunan HP da Dell da Lenovo da aka ƙera tun zamanin Windows 8, wato daga 2012, suna ɗauke da lasisinsu na halal a cikin allon injin. In aka sa musu Windows mai tsabta daga shafin Microsoft, irin sigar da lasisin ya dace da ita, da kansu suke kunnuwa da sun ga intanet. An yi fashi a kan abin da mutum ya riga ya mallaka. Ƙananan shirye-shiryen fasa lasisin kuwa, abu na farko da suke nema shi ne a kashe antibirus. Wani ɗalibi ya taɓa zo mini da kwamfutarsa saura kwanaki ya miƙa memwar, duk fayilolinsa sun samu wani baƙon wutsiya a sunansu, ba wanda ke buɗewa. A daren da ya gabaci zuwansa ya sauko da abin fasa Office. Irin birus ɗin da ake kira STOP ko Djvu ne, wanda ta wannan hanyar ya fi yaɗuwa. Abin da ya cece shi tsohon kwafi ne da ya taɓa aika wa malaminsa, babi biyu sai da ya sake rubutawa.

Kada kuma ki tsaya a Windows. Chrome ko Firefox ko Edge su ne ke gaba da gaba da intanet, kuma ba sa wata guda ba su samu gyara ba. Suna saukowa da kansu, amma gyaran ba ya kama aiki sai an rufe shirin an sake buɗewa, ga shi a shaguna ana barinsa a buɗe mako guda. Office 2007 da 2010, waɗanda har yanzu su ne sarakunan shagunan buga takardu a nan, an daina yi musu gyara tun 2017 da 2020. Na 2013 ya bi su a 2023, na 2016 da 2019 kuma rana ɗaya suka tafi da Windows 10. Ke kuwa aikinki shi ne buɗe takardun Word na mutanen da ba ki sani ba. In takarda ta buɗe da gargaɗi a sama tana neman ki kunna wani abu kafin ki gani, kada ki kunna, ki buga ta a yadda take. WinRAR, shirin buɗe fayilolin da aka matse, ba ya sabunta kansa sam, kuma a 2019 an gano masa tsagar da ta shekara 19 a ciki. A sauko da sabo da hannu. Flash, tsohon shirin nuna bidiyo da wasanni a shafukan intanet, ya mutu tun ƙarshen 2020, in yana nan a cire. Mai son taƙaita wahala, a Windows 10 da 11 akwai umarnin winget upgrade --all da ake rubutawa a baƙar tagar umarni ta Windows, yana bin yawancin shirye-shiryen da ya gane ya sabunta su a zama ɗaya.

Gyara na gaskiya daga cikin Paramètres yake zuwa, ko daga cikin shirin kansa. Duk shafin intanet da ya buɗe miki da jan rubutu yana cewa injinki ya tsufa, danna nan, tarko ne. Haka shirye-shiryen da ke alkawarin sabunta miki direbobi, ƙananan shirye-shiryen da ke tafiyar da sassan inji, duka da dannawa ɗaya. Ba na barinsu a injin da ya biyo ta hannuna. Antibirus kuma, wanda ke cikin Windows, Defender, ya isa shago irin naki in ana barinsa ya karɓi jerinsa na kullum, wanda ba shi da nauyi. Wanda aka saya shekara uku da suka wuce lasisinsa ya ƙare, yana zaune ba ya aiki, gara a cire shi.

Birus ɗin rakursi da ke bin kile, wanda ke ɓoye jakunkuna ya bar gajerun hanyoyi a madadinsu, shi sabuntawa kaɗai ba ta hana shi, don da hannun mutum yake shiga: an danna abin da ake tsammani jaka ce. Ki koya wa yaran shago su duba kowane kile da Defender kafin su buɗe, kuma duk jakar da ke da ƴar kibiya a gindinta a cikin kile kada a taɓa ta. Ki buɗe musu asusun aiki na talakawa, wanda ba ya iya sa sabon shiri, ki riƙe kalmar sirrin asusun mai gida a hannunki.

Da za ki kira yaron, ki kira shi da daɗin rai, don shi ya san inda ya ɗaure. Wasu a cikin jerin hidimomin Windows suke kashewa, wasu da wani ɗan shiri na toshewa. In kin danna neman gyara ya ba ki lambar kuskure, wannan ne, shi zai kwance. Ki ce ya zo da faifan waje da ondiler, a fara da ɗaya daga cikin masu Windows 10, ranar da shago ba cunkoso. Kuma kafin ya taɓa komai ki duba agogon da ke kusurwar allo. Tsofaffin injunan tebur suna da ɗan batir mai kama da kwabo a cikinsu, CR2032, irin na wasu agogunan hannu da rimot ɗin mota. In ya mutu, duk lokacin da aka ɗauke wuta kwanan wata sai ya koma shekarun baya, kuma injin da kwanan watansa ba daidai ba ne ba zai iya magana da Microsoft ba, shafuka ma su riƙa ƙin buɗewa. Masu gyaran agogo a kasuwa suna da shi, a canza shi a gyara kwanan wata, sannan a danna neman gyaran.